Jan Tef A Kan Adafta

Akwai wani makaɗin jita da abokan sana'arsa ke kira Kar-Ka-Taɓa. Ba a banza suka raɗa masa sunan ba. Duk abin da ya mallaka sai ya naɗa masa jan tef: wayoyinsa, kujerarsa, har kofin da yake shan ruwa. Wanda tsautsayi ya sa ya kai hannu kan abu mai jan tef ba da izini ba, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Cikin kayansa babu abin da yake ji da shi kamar wata tsohuwar feda, ɗan akwatin ƙarfe da ake takawa da ƙafa ya sauya muryar jita. Ta marigayi mahaifinsa ce. Tsohon ya bar guda biyu iri ɗaya, ɗaya gare shi, ɗaya ga ƙaninsa Auta.

Shi Auta jitar bes mai kaurin murya yake kaɗawa, don haka tasa fedar tana cikin akwati a ajiye. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a bayan wansa a kan dandali, kuma shi kaɗai aka yarda ya jona kayan jan tef.

Wata rana da hantsi suna shirin gwaji, Auta ya ciro adafta mai ba fedar wuta daga jakar wansa ya jona ta kamar kullum. Sai wani siririn hayaƙi ya fito, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba.

Kar-Ka-Taɓa ya taka, shiru. Ya sake takawa, shiru.

"Me ka yi mata?"

"Yaya, jonawa kawai na yi."

"Jonawa kawai. Shekara talatin tana aiki, sai yau da ta shiga hannunka. Na daɗe da sanin baƙin cikinka. Kana jin ana tafa min, kai kana baya kamar inuwa. Baba ma ya san wanda ya gaje shi a cikinmu."

Sauran makaɗan suka sunkuyar da kai. Auta ya juya ga kayansa. Ya zare jitarsa, ya naɗe wayarsa a hankali, ya fita. Wansa ya bi shi da cewa kada ya ƙara taka masa wuri.

Kar-Ka-Taɓa ya ɗauki fedar sai shagon wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin da ya yi wa mahaifinsu gyara shekara da shekaru, wanda kuma bakinsa ya fi ƙarfen dalmarsa zafi.

"A yau nake son ta," in ji Kar-Ka-Taɓa. "Kuma ka bi ta a hankali, ba rediyon 'yan kasuwa ba ce."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Na buɗe cikin fedar nan tun kana fitsarin kwance. Matsa min daga haske."

Ya kwance sukurori huɗu, ya kai hanci ya shinshina, ya nuna wani ɗan abu da ya kumbura ya fashe. "Wuta ce ta ci ta. Ina adaftar?"

"Adaftata lafiyarta ƙalau. Ƙanina ne ya lalata ta da gangan."

"Ban tambaye ka tarihin gidanku ba. Miƙo."

Ya miƙa yana huci. "Ka ga tef ɗin? Ni na naɗa da hannuna, satin da ya wuce."

Dattijon ya sa farce ya ɓare tef ɗin. A ƙarƙashi akwai rubutun da ke jikin kowace adafta, tef ya rufe shi ruf.

"Karanta. Fedar ubanka wuta tara take ci, wannan goma sha biyu ce. Kuma a juye take shiga da wutar, ga alamar nan. Bakinsu ne kawai ɗaya. Wannan ta na'urar intanet ce."

Sai Kar-Ka-Taɓa ya tuna. Kwana shida ke nan matarsa tana birkita falo tana neman adaftar intanet ɗinsu, shi kuma yana ce mata ba ta iya ajiya ba. Shi ya tsince ta a bayan kujera. Da yake a ganinsa duk wata waya ta duniya tasa ce, bai ko duba ba ya naɗe ta ya jefa a jaka.

"Ko ƙaninka yana da ido huɗu, ba zai karanta abin da ka rufe ba," in ji dattijon. "Taransista biyu sun ƙone. An daina yin irinsu tun kafin ka yi gemu. In na sa sababbi za ta yi kuka, amma ba da muryar ubanka ba. Sai dai a cire daga 'yar'uwarta. Ka san inda take."

Ya sani. Sai dai girman kai rawanin tsiya. Duk hanyar gidan Auta yana ta shirya kalmar ban haƙuri, amma da ƙofa ta buɗe, ga abin da ya fito daga bakinsa:

"Mai gyara ya ce fedarka ake buƙata."

Auta ya tsaya yana kallonsa. "Me ya ce ya ƙona ta?"

"Wuta ce."

"Wutar wa?"

Kar-Ka-Taɓa ya kau da kai. Kalma ɗaya ake nema, ta maƙale masa a wuya.

Auta ya jira, ya jira. Sannan ya shiga ciki ya fito da fedar, naɗe cikin tsohuwar rigar mahaifinsu.

"Ga ta, Yaya. Ka ce kai ka gaji Baba, to ka haɗa duka. Ka naɗa mata jan tef. Dama ita kaɗai ta rage da za ta sa ka zo ƙofata."

Ya mayar da ƙofa ya rufe.

Kwana biyu dattijon ya yi yana aiki. Ya cire na waccan ya liƙa wa wannan, feda ta tashi. Murya dai ta mahaifinsu ce sak, wadda take sa tsigar jiki tashi.

Ranar wasa, Kar-Ka-Taɓa ya taka ta, jama'a suka ɗauki tafi. Ya fara kiɗan da mahaifinsu ya koya musu su biyu tun suna yara. Da ya iso gaɓar da bes ke shigowa, sai ya waiwaya ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya.

Wani baƙo ne da aka ɗauko haya a tsaye a wurin, yana kallonsa, bai san me ake nufi ba.

Darasi: Kafin ka ɗora wa ɗan'uwanka laifi, fara ɓare naka tef ɗin ka duba abin da ka rufe. Na'ura tana da mai gyara, amma zuciyar da ka ƙona da bakinka ba ta da kayan canji, sai "na yi kuskure" a lokacinsa. Ku tura wa wanda kuka san kalmar nan ta maƙale masa, tun ƙofa ba ta rufe ba.