Gidan da Ya Ƙone Sau Biyu

Akwai wata mata a tsibirinmu, Torill sunanta, da ta yi shekara biyu tana kwana da fushi tana tashi da shi. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba a banza take fushin ba.

Ƙaninta Jarle ne ya ƙona gidan uwarsu. Mashayi ne tun yana saurayi, a jiragen kamun kifi ya koya, har ya haura arba'in bai daina ba. Wata Lahadi da rana ya zo a buge, uwar ta rufe ƙofa ta ce sai ya wartsake, ta fita ta baya ta tafi maƙota. Shi kuwa gogan naka ya ɗauko jarkar man kwalekwale ya tuttula a baranda, wai tsorata ta zai yi. Gidan katako, ga iskar teku. Kafin motar kashe gobara ta iso, ba abin da ya rage sai bututun hayaƙi a tsaye.

Kotu ta ba shi shekara biyar. Uwar, Borghild, ta koma wajen Torill da kayan jikinta kawai.

Ba a yi wata shida ba ciwon mantuwa ya fara cin tsohuwar. Kullum da la'asar sai ta sa kwat ɗinta, ta sa maɓallai har wuya, ta tsaya bakin ƙofa.

"Torill, kai ni gida. Na daɗe a gidan mutane."

"Nan ma gida ne, Mamma."

"Ba nawa ba ne. Ke dai kai ni."

Daga baya ma kwat ɗin ta daina cirewa. Da shi take cin abinci, da shi take zama, sai an yi daga da ita kafin a raba ta da shi a yi mata wanka.

Torill kuwa a masana'antar gyaran kifi take aiki. Awa takwas a tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu, ta dawo ta tarar da wanki, da magani, da tsohuwa a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jinya takan leƙo da safe ta tafi, sauran duk a kanta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wayar Lahadi. Minti talatin ake ba Jarle a mako, kuma duk a kan uwar yake ƙarar da su. Da yake tsohuwar ba ta ji sosai, a buɗe ake sa wayar, Torill na jin komai.

"Mamma, labulen kicin ɗin nan, furanninsa shuɗaye ne ko rawaya?"

"Mamma, matakalar bene guda nawa ce? Wacce ce take ƙara in an taka?"

"Rediyon Pappa, a kan wace kanta yake?"

Sai fuskar tsohuwa ta washe, ta yi ta zuba bayani kamar ba ita ce ta manta ta ci abincin rana ba. Ana ajiye waya kuma sai kuka, kuma Torill ce mai lallashi. Mutum ya ƙona maka gida, sannan ya riƙa bugo waya yana tambayar launin labule. Wannan in ba rashin kunya ba mene ne? Wasiƙunsa ma tun ta farko ta daina buɗewa, tana dai jefa su a aljihun tebur.

Wata rana ana hutun cin abinci, kowa ya buɗe burodinsa da cuku, sai Wenche abokiyar aikinta ta zauna kusa da ita. Ɗan yayarta bai daɗe da fitowa daga gidan yarin da Jarle yake ba.

"Ashe ƙaninki gwani ne," in ji Wenche.

"Gwanin me? Ashana?"

"Gem, wasan nan na kwamfuta. Ɗan yayata ya ce daga an tashi aikin kafinta sai ya shige ɗaki ya rungumi na'ura. Awa uku kullum, ko ƙwallo ba ya fita."

Torill ta ajiye burodinta. "Gem?"

"Da talabijin ɗinsa, da ɗumi a ɗaki. Ni ma in na gaji da kifin nan gidan tsohuwata zan cinna wa wuta in je in huta."

Aka yi dariya. Torill ba ta yi ba. Ta dubi hannayenta da sanyi ya farfasa.

A ranar ta rubuta wa gidan yarin takarda mai zafi. Amsa ta zo cikin ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi: an yarda fursunan da ke aiki kuma yake kiyaye doka ya riƙe na'urar wasa, ba ta haɗe da intanet, an toshe kafofinta an buga hatimi.

To, a nan ne Torill ta yi abin da har yau in ta tuna sai ta rufe fuska. Ta buga waya ta ce Jarle na turo mata saƙonnin barazana, kuma ya gaya mata da na'urar yake turowa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ko gezau muryarta ba ta yi ba.

Dokar gidan a kan wannan ba ta da sassauci. Aka ɗauke na'urar aka aika wa masu bincike, su kuma in sun gama dubawa sukan goge duk abin da ke ciki. Aka hana shi riƙe wata na'urar har tsawon wata uku.

Lahadin da ta biyo baya Jarle bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya gaida uwar, ya ce ta ci abinci. Torill na wanke kwanuka tana murmushi. Ta ce a ranta, ka ɗanɗana kai ma.

A makon ne likita ya ce zuciyar tsohuwar ta yi rauni sosai, kada a sa rai da nisa. Torill ta yanke shawarar zuwa ta gaya wa Jarle ido da ido ya daina wayar nan, ya bar uwarsu ta ƙarasa kwanakinta lafiya. Ta hau jirgin fito, ta hau bas, tafiyar awa uku.

A bakin ɗakin ziyara wani gandiroba mai furfura ya tare ta. Eilif sunansa, shi ne aka haɗa da Jarle yana kula da lamarinsa.

"Ke ce Torill. Ba a sami komai a na'urar ba."

"Ni ba ruwana da na'ura. Ku ba kwa jin kunya? Mutum ya ƙona gidan uwarsa, ku ba shi abin wasa kamar yaron goye."

"Hukuncinsa ƙofar can ce da ba ya iya buɗewa," in ji Eilif. "Alƙali bai ce in ƙara masa da wani ba. Kuma in ba su da abin yi da yamma, ni na san abin da suke yi wa junansu."

"Ni fa? Ni wa ya ba ni awa uku? Ni da ban ƙona komai ba?"

Eilif ya juya. Ya buɗe mata ƙofa.

Jarle ya rame, gashinsa ya fara fari. Bai miƙe ba.

"Na san ke ce," ya ce.

"Ni ce. Sai me? Ina can ina kwashe kashin uwarka, kai kana nan kana danne-danne."

"Kin karanta wasiƙuna?"

"In karanta me? Launin labule?"

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya tura mata a kan tebur. Hoto ne da Eilif ya buga masa, na haɗawa da takardar neman izini.

Gidansu ne. Da 'yan tubalan gem aka gina shi, amma shi ne. Jan bango, farar baranda, tagar da ubansu ya ƙara ta fito a karkace, har da bencin da ake shanya raga.

"Wata goma sha huɗu," in ji Jarle. "Ɗaki ɗaki. Ni ban san gidan ba, Torill, shekara ashirin a buge nake shigarsa. Ita ta gaya min komai. In ta faɗa ranar Lahadi, in gina ranar Litinin. Na gama ɗakinta na sama, da tagar da ke kallon teku, da bargon nan na faci-faci. An ba ni izini a kawo na'urar nan ɗakin ranar da za ta cika tamanin. Kullum tana cewa a kai ta gida. Ni na raba ta da shi, na ce bari in kai ta ko sau ɗaya."

Torill ta ɗago kai daga hoton. "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wasiƙa tara na rubuta miki."

Ya dunƙule hannu a kan tebur har jijiyoyi suka tashi, sannan ya sake shi a hankali.

"Ranar da suka ɗauka na so in farfasa ɗakin nan. Ban yi ba, don in na yi za su hana ni ganinta. Ba na cewa ki yafe min, ban cancanta ba. Amma ba ni kika yi wa ba."

Saura kwana goma sha tara tsohuwar ta cika tamanin.

Torill ta fito ta tsaya gaban Eilif, kunya kamar ta kashe ta. "Ƙarya na yi. Ba saƙon da ya turo min. A ina zan rubuta in sa hannu?"

Ta rubuta, ta sa hannu, ta sha faɗa daga shugabar sashen, aka gaya mata maganar na iya kaiwa ga 'yan sanda. Ta ce ta ji. Bayan kwana shida aka mayar wa Jarle na'urarsa, wayam, ba ko tubali ɗaya.

Torill ta buɗe aljihun tebur ta karanta wasiƙun nan tara. Ta zauna ta zana abin da ta tuna ta aika masa. Ranar Lahadi suka gwada tambayar tsohuwar, amma ta wuce nan, sai kallon wayar take yi. Abin da ciwon ya tafi da shi ya tafi.

Ranar ta zo. Aka turo Borghild ɗakin ziyara a keken marasa lafiya, kwat har wuya. Eilif ya kawo gahawa da kek, ya haɗa na'urar da babban talabijin. Tsohuwar ta dubi Jarle kamar baƙo.

Ya kama abin dannawa. Jan bango ya bayyana, da farar baranda. Ƙofa ta buɗe. Ga zaure, ga ƙugiyoyin rataye kaya, ga kicin da labule mai shuɗayen furanni.

Tsohuwar ta miƙa wuya.

"Rediyon ba nan yake ba," ta ce. "Jarle, mayar da shi kusa da taga, ubanka zai yi faɗa."

Wata huɗu rabon da ta kira sunansa. Ya mayar da rediyon, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

Sai ta kai hannu wuyanta ta fara ɓalle maɓallai, ɗaya bayan ɗaya. Ta cire kwat ɗin da kanta ta miƙa wa Torill.

"Rataye min. Kai, na gaji da yawon nan."

Ta zagaya kicin ɗinta da ido, ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta ce, "Mu hau sama in ɗan kwanta."

Jarle bai motsa ba.

"Mu hau mana."

Ya matsa zuwa matakala. Guda huɗu ya samu ya gina. Daga ta huɗun babu komai, sai sarari fayau.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta juyo ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ɗakina? Wa ya ɗauke min ɗakina?"

Jarle ya buɗe baki zai amsa, don shekara biyu ke nan shi ne amsar wannan tambayar. Torill ta riga shi.

"Ni ce, Mamma."

Tsohuwar ba ta gane ba. Ta miƙa hannu kawai ta ce a ba ta kwat ɗinta.

Bayan mako biyar ta rasu. Lokacin Jarle ya kai matakala ta goma sha ɗaya, bai kai ga ɗakinta ba.

Darasi: Fushin wanda aka zalunta gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya ce Torill ba ta sha wuya ba. Amma wanda kotu ta hukunta ya riga ya karɓi nasa, in ka ƙara masa da ƙarya don ka huce, ba ka san kan wa abin zai faɗa ba. Kafin ka ƙwace ɗan abin da ya rage a hannun mai laifi, tambayi me yake yi da shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, wataƙila akwai wasiƙar da bai buɗe ba tukuna.