Duwatsu Goma na Waziri Hayatu

A zamanin da, ranar Talata sha bakwai ga Rajab, shekara ta tara da hawan Sarki Gwadabe, gari ya waye da yayyafi. Rundunar Sarki tana bakin kogi, abokan gaba suna ƙetare.

Sarki yana da doka: ɗan leƙen asiri ba ya amsawa sai da e ko a'a. A bara ɗaya daga cikinsu, Jatau, ya ce wataƙila akwai kwanton ɓauna a gaba, aka sare kansa. Wanda ya biyo bayansa ya ji tsoro ya ce babu, mutum ɗari uku suka halaka. Waziri Hayatu yana tsaye ranar da aka kashe Jatau, bai ce uffan ba.

Yau ƙanen Jatau, Tanimu, shi ne ɗan leƙen asirin da ke durƙushe gaban Sarki.

Sarki ya ce, "Kogin zai ƙetaru?"

"Ranka ya daɗe, wani wuri iya gwiwa, wani wuri..."

Sarki ya dubi hauni. Hauni ya zare takobi.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninka, ana ruwa yanzu? E ko a'a."

Sarki ya miƙa hannu waje daga ƙarƙashin laima, ya daɗe yana duban tafinsa. "Ana yi, ba a yi."

Waziri ya ce, "Da talaka ne ya faɗi haka, da kansa yana ƙasa."

Waziri ya sa aka kawo ƙwarya, ya ba Tanimu da abokan aikinsa biyu duwatsu goma goma. Ya ce kowa ya zuba gwargwadon yadda zuciyarsa ta yarda kogin zai ƙetaru. Tanimu ya zuba uku. Na biyu huɗu, na uku biyu.

Sarki ya ce, "Tara cikin talatin. A dakata."

Abokan gaba suka ɗauka tsoro ne, suka faɗa kogin da hantsi. Ruwa ya sauko daga tudu, har la'asar gawarwaki suna wucewa.

Sarki ya soke dokar. Sannan ya tura wa Waziri ƙwaryar. "Laifin Jatau, duwatsu nawa?"

Waziri bai zuba ko ɗaya ba.

Sarki ya ce, "Laifina fa?"

Waziri ya zuba goma. Ya karɓi na Tanimu ya ƙara goma. "Waɗannan na laifina ne, ranka ya daɗe. Na yi shiru."

Shekara guda Waziri yana ɗauke da wasiƙa zuwa ga Inna Ladi, mahaifiyar Jatau, ya kasa aikawa. Ya fito da ita, ya ƙara layi ɗaya: ɗanki gaskiya ya faɗa. Sarki ya buga hatiminsa. Aka ba Tanimu doki, ya kama hanyar gida da ita.