Ɗorawar Inna Tabawa

Masu tuna abin da ya wuce sun ce a ƙaramar hukumar Tudun Marke an yi wani ciyaman, Alhaji Nadabo, mutum mai son alheri, sai dai gaggawa kamar ya bar tukunya a wuta. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tana da ɗorawa guda a tsakiyar wata gona. An sayar da gonar tun yana ƙarami, amma bisa al'adar garin itacen ya ci gaba da zama nata, da kalwarsa ta yi daddawar da ta kai shi makaranta. Da ya ji mai gonar, wani Mantau, yana gunagunin inuwa na kashe masa gero, sai tsoro ya kama shi kada a sare ta.

Nan take ya tsara doka: kowane itace a gona ko a gida a shafa masa jan fenti, a rubuta shi da sunan mai ƙasar, ya riƙa biyan kuɗin rajista, kuma ba mai taɓa reshe sai da takarda. Ma'aji ya ce aikin zai ci ma'aikata arba'in da baburansu, sai an taɓa kuɗin rijiyoyi. Nadabo ya ce a taɓa. Tun bai sa hannu ba ya sa aka yi shela ranar kasuwa.

Bayan kwana uku, da hantsi, ya ɗauki alƙalami ke nan sai wata tsohuwar cilakowa da ke sheƙa a tsamiyar ofishin ta sauka bakin taga, ta ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Kada abin da ya sami hakimin Dogon Gawo ya same ka."

Ya ce, "Me ya same shi?"

Ta ce, "Ai hakimin nan ya so itatuwa fiye da kai. Ya ce duk itacen da ya wuce tsayin mutum ya shiga littafinsa, mai gona ya biya, kuma kada ya taɓa. Ya ɗebi 'yan gadi talatin, ya saya musu kekuna. Kuɗin gyaran kasuwa ya tafi a albashi, na rijiya ya tafi a fenti da takarda. Tarar da ake samu ba ta kai cefanen 'yan gadin ba, suka koma karɓar na goro. Rannan suka kamo wani tsoho, Baba Jatau, yana tuge ƙananan gawon da suka tsiro a gonarsa. Hakimi ya ce, 'Tsoho, ba ka san gawo taki ne ba?' Ya ce, 'Allah ya ba ka nasara, na riga ka sani. Amma ni da kai mun zama Talle da mai gidan haya.' Hakimi ya ce, 'Yaya suka yi?'

"Tsoho ya ce, 'Talle wata bazawara ce da ta kama ɗaki da kazarta ɗaya. Mai gidan ya ga shaho na ɗibar 'yan tsaki, ya ce don tausayi duk tsakon da ya yi gashi ya koma hannunsa, ita dai ta ci gaba da ba shi dawa. Ya ɗauko mai tsaro, yana biyan sa. Wata shida ba tsako ko ɗaya. Ya tambaye ta ko kazar ta daina ƙwai, ta ce, Tana yi, Malam, ni ce nake dafawa. Ranka ya daɗe, wanda ya san tsako ba nasa ba ne, ƙwai zai ci.'

"Hakimi ya ce tsoho ya yi masa rashin kunya, ya ci shi tara. Manyan itatuwa suka tsufa suka faɗi, ba na baya. 'Yan gadi suka ci gaba da karɓar albashi suna gadin fili, rijiyoyi suka rufta, mu tsuntsaye muka yi ƙaura. To, kai ma ƙwan ake dafa maka, ranka ya daɗe. Kwana uku ke nan ina jin gatari daga gabas."

Nadabo ya tuna gonar Mantau a gabas take. Ya ajiye alƙalami ya shiga mota. Hanya duk kututture, nan kanya, can kuka, mutane na ta sara don kada fenti ya riske su. Suna ganin motarsa sai su ɓoye gatari a baya su ɗaga hannu su gaishe shi.

Ya tarar da ɗorawar a kwance, ta danne kunya goma. Mantau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina gunaguni, ban taɓa ɗaga mata gatari ba, don ta Inna ce. Da aka ce za a rubuta ta da sunana in riƙa biya, sai na ga ta zama tawa."

Inna Tabawa tana zaune kan gindin, tana tsintar sauran 'ya'yan cikin ƙwarya. Da yake Nadabo ɗanta ne na fari, ba ta dube shi ba, ba ta kuma kira sunansa ba. Ta fuskanci Mantau ta ce, "Ka faɗa wa mai dokar, shekara arba'in kunyar mutane ke tsare itacen nan, ba a biya ta ko kwabo ba."

Nadabo ya ji baƙin cikin da bai taɓa ji ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya koma ofis, ya yaga takardar, ya ce wa cilakowa, "Na ji, na kuwa yarda. Kowa ya riƙe itacensa, kuɗin ya koma rijiya."

Ta ce, "Madalla. Sai ka aika a yi shela, da sauri irin na wancan karon."

Aka yi shelar, gatura suka yi shiru. A shekarar nan Inna Tabawa ta sayi kalwa a kasuwa, karo na farko a rayuwarta, ta kuma hana ɗanta ya biya.