Tsakuwa a Kwiɓin Hapsatu

Akwai wata baiwar Allah mai suna Hapsatu, wadda ta rayu a ƙasar Birnin Kudu tun Turawa ba su iso ba, a shekarun da mahara ke gangarowa daga duwatsun kudu, har mutum ba ya kama hanya mai nisa sai ya sami ayari. 'Yar makiyaya ce daga wajen Kwandiko a ƙasar Gwaram. Aure ne ya kai ta Kangire, gidan manoma, wurin wani mutum mai sanyin hali da ake kira Ɗanladi.

Gidan na gandu ne. Gona ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, kuma mutum ɗaya ke yanke magana: Badaru, wan Ɗanladi. Ƙaƙƙarfan manomi ne, ba mai musun haka. Amma ya ɗauka duk abin da bai taɓa samun jikinsa ba, babu shi a duniya.

Bayan Hapsatu ta yaye 'yarta ta fari, Turai, sai ciwo ya same ta. Yakan soma daga kwiɓi kamar an soka mata ƙarfe mai zafi, ya gangaro mara, ya zo da amai da zufa. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, jaja-jaja da jini. Bayan doguwar wahala sai wata 'yar tsakuwa ta fito, wani lokaci ba ta fi ƙwayar gero ba, jiki kuma ya saki. Washegari ta ɗauki taɓarya kamar ba ita ce ta kwana a ƙasa ba. A yi wata da watanni lafiya, sannan ya dawo.

Shi ne abin da likitocin yau ke kira tsakuwar ƙoda. A wancan zamani ba shi da kumburi da za a nuna, ba shi da miki da za a ɗaure. Shaidarsa kaɗai ita ce bakin mai shi.

Bakin Hapsatu kuwa a rufe yake. A rugar da ta tashi, kuka saboda zafi abin kunya ne. Ta ga yayyenta maza sun sha bulalar sharo suna murmushi. Ta ga mahaifiyarta, Inna Hajjo, ta haihu a cikin bukka, waɗanda ke tatsa a waje ba su ji ko nishi ba. Don haka idan ciwon ya taso, sai ta nemi gindin katanga ta zauna, ta miƙe baya, ta cije leɓe, ta zuba wa ƙasa ido.

Mutum ɗaya ce a gidan ta gane, wata tsohuwa, Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinsu Badaru.

"Ke 'yar nan, ki yi ihu mana," in ji ta wata rana, tana share mata zufa da gefen zane. "Ko sau ɗaya ki yi, unguwa ta taru. Mutanen gidan nan ba sa jin shiru."

"Gwaggo, na gwada," Hapsatu ta amsa a hankali. "Bakin ne ba ya buɗuwa."

Badaru yana da nasa hukuncin tun tuni. "Ni na san ciwo," yakan ce a zaure. "Na ga wanda kunama ta harba, na ga wanda maciji ya sara. Kowanne sai da maƙwabta suka ji. Wannan kuwa kullum ranar girkinta ake samun ta a gindin katanga tana kallon tururuwa."

Ba gaskiya ba ne cewa kullum ranar girkinta ne. Amma ba a taɓa lura da ranakun da ciwon ya zo ba nata girkin ba, domin a ranakun ba wanda ya rasa tuwo.

Wata damina Badaru ya kira gayya. Samarin ƙauyuka suka cika gonar gandu, makaɗi yana zuga su, Badaru yana kai da kawo da alfahari. A al'adar gayya, ladan masu aiki shi ne abinci. Mai gona da ya bar mutane da yunwa, sai an daɗe ana labarinsa. Matan gida suka raba kaya, babbar ƙwaryar fura ta faɗo a kan Hapsatu.

Ta wuce rabin hanya ke nan abin ya soke ta. Ta san idan ta ƙara taku ƙwaryar za ta kife. Ta lallaɓa ta sauke ta a gindin wata ɗorawa, ta rufe da faifai, ta zauna kusa da ita yadda aka koya mata zama.

Rana ta take. Samari suka fara jifan Badaru da habaici, makaɗi ya sauya kiɗa zuwa na zambo. Badaru ya biyo hanya a fusace, wasu na bin sa a baya. Abin da suka gani shi ne mace a inuwa, bayanta a miƙe, fuskarta ba hawaye, ga fura a ajiye a gefenta.

"Sannu da hutawa, gimbiya," in ji Badaru. "A kawo miki mafici?"

Aka yi dariya. Hapsatu ta ɗago ido, ta ce, "Yaya, ciwon ne." Muryarta ba ta ko yi rawa ba. Da ta yi rawa, wataƙila da ta tsira.

Da yamma Badaru ya kira ƙanensa. "Ka zaɓa. Ko ka sallame ta, ko ka fita daga gandu da ita, ku ci abin da kuka shuka a gindin ɗorawa."

Ɗanladi ba shi da rumbu nasa, ba shi da ko fartanyar da zai ce tasa ce. Ya sunkuyar da kai, ya zaɓi rumbu.

Da Hapsatu ta ɗaura kayanta ta kama hannun Turai, sai Badaru ya tare ƙofa. "Yarinya an yaye ta, ta gidan ubanta ce. Wadda ba ta iya kai fura gona ba, ita ce za ta riƙe mana 'ya?"

Shari'a ta ba uwa riƙon 'yarta, malaman lokacin sun sani, Badaru ma ya sani. Amma wa zai raka sakakkiyar mace marar lafiya gaban alƙali a Birnin Kudu, ta tsaya ta yi jayayya da mai gandu? Da ta isa Kwandiko ta kawo maganar, mahaifinta Buba ya ce su ba a san su da kai ƙara ba. Shi ke nan. Kowa ya kare mutuncinsa, aka bar mace ɗaya ta biya.

Shekaru suka shuɗe mata a ruga, ciwon yana zuwa yana tafiya. Ta gaji da jiƙe-jiƙe, ta gaji da ƙahon wanzami, ta gaji da masu cewa jifa ne. Sannu a hankali ta koyi zama da shi. Ta lura yakan fi matsa mata a lokacin bazara, ko ranar da ta yini tallan nono ba ta sha ruwa ba, sai ta daina rabuwa da gora. Ta lura zaman nan nata na miƙe baya ƙara mata azaba yake, tafiya a hankali ta fi sauƙi. Ta koyi ɗumama tsumma ta dafa a kwiɓi. Ba warkewa ba ce. Dabarar kaiwa gobe ce kawai.

Idan ayari ya zo daga wajen Birnin Kudu, takan tsaya kusa da masu jakuna ta saurara, ko wani zai ambaci Kangire. Ba ta tambaya. Turai 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya.

Wata bazara, tana kaɗa nono da hantsi, sai ga Ɗanladi a bakin ruga, ya rame, ƙura har gwiwa. Inna Hajjo ce ta tare shi.

"A'a, Kaɗo ne da kansa? Fura ce ta sake makara?"

"Inna, a yi haƙuri. Yaya Badaru ne ba lafiya."

"Ashe jikinsa ma na nama ne. Me ya same shi?"

Ɗanladi ya kasa kallon kowa. "A tsakiyar kasuwar Birnin Kudu ya faɗi, yana birgima yana kiran sunan Innarmu da ta rasu. A kan jaki aka kawo shi. Kwiɓi ne, da amai, da fitsarin jini. Ya tashi, ya sake dawo masa. An yanka zakara, an yi rubutu, wanzami ya yi ƙaho. Gwaggo Kulu ce ta ce in zo. Ta ce a ƙasar nan mutum ɗaya ce ta san hanyar abin nan."

Hapsatu ta ajiye abin kaɗin. "An yarda ba shi da lafiya?"

"Wa zai musa? Ihunsa har bakin rijiya."

Hapsatu ta sake ɗaukar abin kaɗin. Tun faɗuwar farko an yarda da shi, an yanka masa zakara. Ita ta yi shekaru, ko ruwan zafi Gwaggo Kulu a ɓoye take ɗora mata.

"Ki bar shi ya yi ta ihun," in ji Inna Hajjo. "Ai ya ce shi ne ya san ciwo."

"Inna, na san abin da yake ji," Hapsatu ta ce. "Ko kare ba na so ya ji shi. Kuma yarinyar nan tana can."

Ta bi ayari ta tafi. Ta sami Badaru a ƙasa, ya naɗe kamar tabarma, an hana shi ruwa wai kada fitsarin ya ƙaru. Ba ta yi ciniki da shi ba. Ta sa aka kawo tulu, ta sa aka hura wuta aka ɗumama tsumma.

"Yaya, sha. In ka amayar, ka huta ka sake sha. In ya ɗan lafa ka tashi ka taka, Gwaggo ta riƙe ka."

"Wayyo Allah, mutuwa zan yi!"

"Ni ma haka nake cewa a raina kowane zuwa, ga ni. Yi ihunka, amma ka sha."

Sai da aka sha fama kafin tsakuwar ta fita. Badaru ya jingina da bango, idanu sun zurma, murya ta dishe.

"Hapsatu, haka kike ji? Ranar gayya haka kike ji?"

"Haka."

"To yanzu ya wuce ke nan?"

"A'a, Yaya. Tafiya yake ya dawo. Za ka tashi gobe garau, ka ɗauki fartanya, mutane su fara kallonka suna tunani. Ka shirya wa wannan ma."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Can ya ce, "Faɗi abin da kike so. Hatsi ne, akuya ce, ko ɗakinki?"

"Ba lada na zo karɓa ba. Abin da yake nawa tun farko nake so. A ba ni 'yata, kuma a faɗa a gaban mutane."

Aka kira liman da dattawan unguwa. Badaru ya faɗa da bakinsa cewa ya zalunce ta, kuma riƙon Turai na uwarta ne. Ɗanladi ya matso yana murza hula, ya kawo maganar kome, wato a mayar da aure.

"Malam, ka bari," in ji ta, ba tare da faɗa ba. "Shi bai san ciwon ba, ya ƙaryata ni. Kai kana ɗakin, kana ganin jinin. Na gaji ƙwarai, ba ni da ƙarfin da zan sake jiran ranar da za a ce ka zaɓa."

Da ayari ya tashi, suka bi shi, ita da yarinyar da ta girma ba a gabanta ba. Turai tana tafe a gefe, ba ta saba da ita ba tukuna. Sun yi nisa sai Hapsatu ta lura yarinyar tana ɗingishi. Ta tsayar da ita, ta ɗaga ƙafar. Wata doguwar ƙaya ce ta shige dunduniya, jini ya bushe a kewayenta. Yarinyar ta cije leɓe, ta miƙe baya, ta zuba wa ƙasa ido.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan gari."

"Me ya hana ki faɗa?"

"An ce ke ba kya kuka."

Hapsatu ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗora ƙafar a cinyarta. 'Yan ayari suna kira a yi sauri, wurin ba na tsayawa ba ne.

"Zan cire, kuma zai yi zafi," in ji ta. "Ki yi kuka yadda na gaban ayari zai ji. Ni an makara da ni. Ke ba za a makara ba."

Ta ja ƙayar. Turai ta tsala ihu, har jakuna suka razana, ayari duka ya tsaya cik. Wani bafatake ya juyo da gudu, ya ɗora yarinyar a kan jakinsa.

Hapsatu ta miƙe a hankali, ta kurɓi ruwa daga gorarta, ta bi bayansu.

Darasi: Rashin kuka ba shaidar lafiya ba ne, kuma ba sai ciwo ya shiga jikinka za ka gaskata mai shi ba. Wanda ya jira sai ya ɗanɗana kafin ya yi adalci, ya riga ya cinye shekarun wani da ba zai iya mayar masa ba. Har yau akwai masu fama da ciwon da ba a gani a gidajenmu, ana kiran su ragwaye. Ku gaskata su, ku kai su asibiti, kuma ku daina koya wa 'ya'yanku cewa shiru a kan azaba shi ne tarbiyya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman ga wanda maganarsa ce ake bi a gida.