Kurege da Jan Shayin Inna Dudu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, shayi na kan wuta!

To, ku matso. Can kan tsaunin Mambila akwai wata tsohuwa, Inna Dudu, mai gonar shayi. Duk gonar kore ce shar, sai itace ɗaya tal da tohonsa ke fitowa ja, kamar an tsoma shi a zoɓo. Har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo.

Ran nan Kurege ya je barka gidan Damisa, ta haihu. Aka ajiye masa kwanon gyaɗa. Ya ci, ya ci, ya ci, ya leƙa rumbu ya ga saura tuli. Sai bakinsa ya buɗe.

“Ranki ya daɗe, ranar suna jan shayi za a sha. Ina da itacensa!”

Damisa ta ce, “Madalla! In ka kawo, ka ƙara gyaɗa. In ba ka kawo ba, da kai za a yi farfesu.”

Ranar kasuwa Inna ta tafi sayen gishiri. Kurege ya faɗa gonarta, ya tona, ya tona, ya tumɓuke itacen da ƙasarsa. Don kada ido ya gani, ya dasa shi a ƙuryar ɗaki, ya toshe taga, ya ja ƙofa. Kullum ya ba shi ruwa, kullum ya yi masa kirari.

Ana gobe suna ya buɗe ƙofa. Wayyo! Jan ya gudu, ganye ya koma kore fatau. Ya murza ido, kore. Ya juya ta baya, kore.

Sai ga Inna da sanda: “Ina jan shayina?”

Sai ga Damisa da tukunya: “Ina jan shayina?”

Inna ta leƙa ɗaki, ta kama baki. “Kai ɗan nan, ka cuce shi! Jan nan a jininsa yake, gado ne, amma sai rana ta doke shi yake fitowa. A duhu ka kulle shi?”

Damisa ba ta ji ba, tana can tana hura wuta. Kurege kuwa ya ji, kunnensa ya miƙe tsaye.

Ya fito ya ce, “Tsaya, ranki ya daɗe! Inna ta ce nata, ke kin ce naki. Itacen nan ya san mai shi, rigimarku ce ta kore masa launi. A ɗaga suna, a dasa shi a fili, kowacce ta zauna gefenta. Inda ya fara ja, can ne gidansu.”

Damisa ta ce, “In ya yi ja ta wajenta fa?”

“Ki cinye ni har jela.”

Aka dasa. Kurege ya ce, “Babba kamarki, ga jego, ki zauna a rana? Haba!” Ya kafa mata rumfa, inuwar ta lulluɓe ta har da rabin itacen da ke gefenta. Damisa ta miƙe ƙafa tana lumshe ido. Inna ta ja mayafi ta rufe dariyarta.

Aka zauna, aka zauna. Damisa ko ruwa ba ta tashi sha, kada a yi mata maguɗi. Kwana ya bi kwana, sai toho ya ɓullo gefen Inna, ja wur! Gefen Damisa kuwa, kore shar.

Inna ta rangaɗa guɗa, ta tone abinta ta goya a baya.

Damisa ta daka tsalle: “Kurege! Zo in cika maka alkawari!”

Ta duba, ba Kurege. Ta ruga gidansa, wayam. Ta ruga gidanta, ta leƙa rumbu. Ashe duk kwanakin da take gadin ganye, shi yana jidar gyaɗa zuwa wani rami mai ƙofofi da yawa, wanda ko tafin hannunta bai shiga. Ɓawo kaɗai ya bar mata, shi ma ya tara shi tsaf cikin tukunyar farfesun.

Ƙurunƙus kan kurege! Don haka yara, in kwaɗayi ya kama ku, ku bar jan shayi a gonarsa. Gyaɗa ce abar ɓoyewa, ita ko a duhu launinta bai canzawa.