Maganin Ƙaya a Gidan Kura

Ga ta nan, ga ta nan gare ku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Wata rana Gada ta je gidan Kura tana ɗingishi, ta ce, "Yaya, ƙaya ce ta soke ni."

Kura ta ce, "Kwanta in cire miki." Gada na kwantawa, Kura ta murɗe mata wuya ta cinye ta, 'ya'yanta biyu suna kallo.

Washegari Kura ta dawo daga farauta da rauni a ƙafa, ta tarar da babban ɗanta shi kaɗai yana lasar baki.

Ta ce, "Ina ƙaninka?"

Ya ce, "Ƙaya ta soke shi, Inna, na yi masa irin maganinki."

Kura ta ja da baya, tana ɓoye ƙafarta.

Ɗan ya matso, ya ce, "Inna, ɗingishi kike yi?"

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa wuta, mai kwaɗayi ya ciro.