Rabin Awar da Guguwa Ya Kasa Kwanciya

Maigidana ɗan ƙwallo ne, abokansa suna kiransa Guguwa. Sunan kuwa ya bi shi. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ya jira shayi ya huce ba, a tsaye yake kurɓa yana kaɗa ƙafa. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: ba ya iya jira.

Wata Talata ya dawo daga atisaye yana ɗingishi, gwiwarsa ta dama ta kumbura suntum. Ya ce juyawa ya yi, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Washegari na raka shi asibiti. Hoton farko ya nuna ƙashi lafiya lau, har ya miƙe zai tafi.

Likita ya ce, "Zauna tukuna. Wannan hoton ƙashi kawai yake gani. Jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da guringuntsinta, sai na'urar MRI."

Mai ɗaukar hoton wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta sa ya cire zobe da agogo da makullai, ta zuba mini a hannu. Ta ce masa, "Rabin awa za ka yi a kwance. Ko sauro ya cije ka, kada ka motsa."

Ya ce, "Rabin awa, Baba? Ai da a fili ne na ci biyu."

Ina zaune a benci ina jiyo na'urar tana bugawa kamar maƙera. Sau uku na ji muryar dattijuwar tana cewa, "Malam, ƙafar nan." Ko minti ashirin bai cika ba ya fito yana share gumi, wai ramin na'urar da aka tura shi ciki ya matse shi.

Hoton ya fito dishi-dishi, kamar rubutun da ruwa ya taɓa. Likita ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Akwai abin da ban yarda da shi ba a nan, amma ba zan rantse ba. Ka dawo Litinin a sake. Kafin nan kada ka taɓa ƙwallo."

"Asabar muke da wasa. Masu zaɓen 'yan wasa za su zo."

"Asabar ba ta ƙarewa," in ji likita. "Gwiwa kuwa biyu gare ka."

Da muka koma gida sai ya shaida wa kocinsu da yayansa cewa hoto bai nuna komai ba. Ni kuwa ina gani. A kaikaice yake sauka daga bene, yana dafa bango. In zai yi sujada sai ya miƙar da ƙafar gefe. Yaya ya tambaye ni, "Amarya, da gaske ya warke?" Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ya ce."

Ranar Asabar da safe yana naɗe gwiwar da bandeji, na daure na ce, "Da ka bari har Litinin."

Ya yi dariya. "Ke da ba ki san ko dokar ofsayid ta ƙwallo ba, yau kin zama likita?"

Bai yi minti goma a fili ba. Babu wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi ya zube. A kan makara irin ta 'yan wasa aka fitar da shi, masu zaɓen suna kallo.

Ran Litinin ɗin da ya ƙi jira, ran nan aka mayar da shi cikin na'urar. Wannan karon ban ji muryar dattijuwar ko sau ɗaya ba. Hoton ya fito tar. Likita ya nuna mana da bakin biro, ya ce da alama jijiyar tsagewa ta fara yi a da, yanzu ta tsinke gaba ɗaya, guringuntsin ma ya yage. Sai aiki, sai kuma wata tara babu ƙwallo.

Wata na huɗu ke nan. Takalmansa suna ƙarƙashin gado, ni nake kakkaɓe musu ƙura. Shayinsa kuwa yanzu har sanyi yake yi a gabansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya kasa haƙurin rabin awa zai yi na wata tara, ko yana so ko ba ya so. Ciwon da ido bai gani ba a bar masana su duba shi har ƙarshe. Ni ma na ɗauki nawa: kunyar da ta hana ni faɗa wa Yaya abin da na gani ba ta amfani kowa ba.